Awon Ɗiyar Hajjo

Lolo,
8 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Gwaggona Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba Usuman da duk mutanen gida. Yaya zafi a Bahindi? Yaya gwiwar nan taki, ko har yanzu sai kin dafa bango kike tashi? Ni dai lafiya lau nake, sai kewarki.

Kada ki yi min faɗa don ban kira ba. Wayata a garin nan rabin yini a ƙasar Benin take yi. Da na zagaya bayan makaranta sai ta koma layinsu, ta fara yi min Faransanci. In ma na dace na same ki, ba abin da nake ji sai "Iye? Iye?" har layin ya yanke. Shi ya sa na koma takarda, tunda karatun yaƙi da jahilcin nan naki bai tafi a banza ba. Bunyaminu direba zai miƙo miki in ya taso daga kasuwa.

Wani aiki na ɗauko wa kaina, har ke ma sai kin sa hannu a ciki. Akwai wani yaro a ajina, Zulkiflu, da ya yi shekara biyu a makarantar Faransanci a ƙetare kafin iyayensa su dawo Lolo. Shi ya tambaye ni wai mu ba mu yin ranar uwa ne? Ya ce can, Lahadin ƙarshe ta watan Mayu, yara kan yi zane su kai wa uwayensu. Nan take aji ya kaure da tambaya. Wannan ya ce ana yanka rago? Waccan ta ce uwar ce za ta yi tuwo ranar, ko hutu ake ba ta? Ni kaina ban sani ba, kin kuwa san ni da son jin ƙwaƙwaf. Na kai maganar wurin hedimasta, Malam Sadisu. Malamin Arabiyya da ke zaune a wurin ya ce shi a wurinsa kowace rana ta uwa ce, amma in dai godiya za a koya wa yara ba shi da ja. Aka tsayar da Alhamis, ashirin da uku ga wata, uwaye su zo makaranta da hantsi.

Ga abin da na shirya wa 'yan ajina huɗu, su arba'in da bakwai. Kowa zai tafi gida da farar takarda ɗaya. Uwarsa ta ɗora tafin hannunta a kai, shi kuma ya riƙe hannun, ya bi gefen yatsun da fensir har ya fitar da shatinsa. In an dawo aji, a kan kowane yatsa ya rubuta abu ɗaya da hannun nan yake yi masa. Fensirin kala guda shida gare mu duk makarantar, don haka na ce su zo da lalle da gawayi da jar ƙasa da shuɗin wanki, mu yi ado da su. Ina ɗokin ganin abin da za su rubuta. Yaro ɗan shekara tara, me yake gani a hannun uwarsa?

Sai ga shi sun juyo kaina. Suka ce Malama ke fa, ina taki? To ga takarda nan na naɗe a ciki. Ki ɗora hannunki, Baba Usuman ya zana, amma ki ce masa ya bi a hankali, ba huɗar shinkafa yake yi ba. Ki ba Bunyaminu ya dawo min da ita.

Babbar Sallah ta matso, kada a manta da ɗinkina. Har yau ina mamakin yadda kike sanin awona. Ba ki taɓa kai ni wurin tela ba, amma kowace shekara rigar sai ta zauna min daidai.

Ki gaida Baba Usuman. In wani zai je Lafagu, a gaida su Inna.

Taki har kullum,
Ni'ima.

Lolo,
16 ga Mayu, 2024.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya. An yi mana yayyafi shekaranjiya, ko ya iso ku? Bunyaminu ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, amma ba ki ba shi komai ba sai gaisuwa. Lafiya dai ko?

Hannuwa sun dawo, Gwaggo, na kuma sha kallo. Ashe hannu ma yana da fuska. Na mata masu bandar kifi daban, na masu sussukar shinkafa daban, akwai wanda yatsa ɗaya ya karkace, akwai mai zobe har shatin zoben ya fito. Sufyan ya rubuta tuwo, kunu, wanka, wanki a yatsu huɗu, a babban yatsa kuma ya rubuta "jan kunne". Na ce ya canza, ya ce ai gaskiya na ce a rubuta. Na bar masa abinsa. Wasu hannun kaka suka kawo, wasu na gwaggo ko na yaya, na ce duk daidai ne, wadda ta riƙe ka ita ce.

Yarinya ɗaya ce ta dawo da takardarta fara fat. Sunanta Jannatu, ba ta da hayaniya, ita ke fin kowa a lissafi. Na ba ta kwana biyu, ta sake dawowa haka. Raina ya ɓaci, na tsayar da ita gaban aji na ce lalaci ne. Ba ta yi kuka ba, ƙasa kawai take kallo. Sai da aka fita tara Malama Mashkura, abokiyar aikina 'yar garin nan, ta ja ni gefe ta ce ashe ban san Jannatu 'yar fari ba ce? Kakarta ce ta riƙe ta tun yaye, bara kakar ta rasu, aka maido ta ɗakin uwarta. Yarinyar ta je da takarda ta ce wa uwar ta kawo hannu, uwar ta kore ta.

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. A ce ni, ni da aka ɗauko daga Lafagu ina wata ashirin aka kawo miki, ni ce zan aiki 'yar fari ta je ta kama hannun uwarta ta riƙe! Na je kwaleji na karanto dabarun koyarwa, na manta da abin da kowace tsohuwa a ƙauyenmu ta sani.

Da la'asar na bi Jannatu gida, can unguwar masunta ta bakin ruwa. Na tarar da uwar, Hamsatu, a gaban murhun banda tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta karɓe ni hannu biyu, ta shimfiɗa min tabarma, ta sa ƙanen Jannatu ya kawo ruwa, tana kiran sunansa tana shafa kansa. Da na ambaci Jannatu sai ta kau da kai ta ce, "Malama, mi tay yi? In laihi ta yi ki hore ta." Na ce ba laifi, yabo ma na zo yi. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga ba ni labarin yadda ruwa ya janye bana. Har na tashi ba ta kama sunan yarinyar ba, sai dai "waccan". Amma ta cika min leda da kifi, na ƙi, ta rantse.

A hanya ina tafe ina jin haushinta, sai na gane ba ita kaɗai nake jin haushi ba. Gwaggo, yau zan tambaye ki abin da ban taɓa tambaya ba, ki yi haƙuri da ni.

Shekarata ashirin da shida, ban taɓa jin Inna Saratu da ta haife ni ta ce Ni'ima ba. "Ɗiyar Hajjo" take cewa, ko a gabana ko a bayana. Na san kunyar ɗan fari ce, na san haka aka taso aka tarar, ba sai an gaya min ba. Abin da nake son sani shi ne abin da ke bayan kunyar. Akwai wani abu a ciki, ko kuwa in an daɗe ana kau da kai zuciyar ma kau da kai take yi? Duk zuwan da kika kai ni Lafagu, abu ɗaya na riƙe. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki ina kallonta, sai ta taso ta dafa kafaɗata, ta juya ni, ta tura bayana ta ce, "Gusa can, kin tare man hanya." Kowane zuwa sai ta yi. Ƙannena suna hawa cinyarta, ni kuwa turewa ce rabona. Har bara da na je sallama zan taho Lolo, da girmana da komai, sai da ta ture ni.

Ban rasa komai a hannunki ba, Allah ya sani, kada ki ɗauka wani abu. Ke ce uwata, takardar ma ke na aiko wa. Amma ina kallon Jannatu ina ganin ta fara yi wa kanta irin lissafin da na yi wa kaina, kuma ban san me zan ce mata ba, don ni ma ban san amsar ba. In kin sani ki gaya min. In babu komai a bayan kunyar, shi ma ki gaya min, zan iya ɗauka.

Na ba Jannatu haƙuri a gaban aji, yadda na kunyata ta a gaban aji. Na ce ta zana hannun duk wadda ta ga dama. Ta ce to, ta mayar da takardar cikin jaka.

Ki dawo min da tawa kafin Alhamis don Allah. A gaida Baba Usuman.

Taki,
Ni'ima.

Lolo,
25 ga Mayu, 2024.

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya gajiyar hanya? Da gwiwar nan kika hau babur har Lafagu saboda ni! Allah ya saka miki da alheri, ya bar min ke. Saƙonki ya iso ranar Laraba, amma bari in fara ba ki labarin taro, don in na fara da wasiƙarki ba zan iya ƙarasawa ba.

Mata sun zo fiye da yadda muka zata, har tabarmi suka kasa, aka aro na masallaci. Wasu daga ƙetare suka zo, ana ta gaisawa da Dandanci da Fulatanci. Mun ɗaura igiya daga taga zuwa taga muka rataya hannuwan, iska tana kaɗa su kamar shanya. Kowane yaro ya fito ya karanta yatsunsa biyar, ya cire takardarsa ya kai wa mai hannun. Da Sufyan ya iso kan jan kunne wurin ya ɗauki dariya, uwarsa ta rufe fuska da mayafi tana cewa za su haɗu a gida. Wata tsohuwa ta karɓi tata ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce ita tunda take ba a taɓa zana ta ba, sai ga hawaye. Abin ya ba ni mamaki, yadda takarda ɗaya ta taɓa zuciyar manyan mata haka.

Hamsatu ba ta zo ba, dama ban sa rai ba. Amma da sassafe, kafin a buga ƙararrawa, Jannatu ta same ni ina shara ta miƙo min takardarta. Babu zanen fensir a kai. Shatin hannu ne baƙi ƙirin na hayaƙin banda da man kifi, yatsu biyar cif, har layukan tafin sun fito. Ta ce ta bar takardar a kan tabarma ta je ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar da ita haka. Uwar ta yi mata faɗa sosai, wai ta bar takarda a inda mutane ke dafawa su tashi, ga shi nan ta ɓata. Na duba shatin da kyau, Gwaggo. Wanda ya dafa don ya tashi ba ya ware yatsunsa haka, kuma ba ya saita hannu a tsakiyar takarda. Jannatu ma ta sani. Murmushi kawai take ɓoyewa. Ta zauna ta rubuta yatsunta biyar, muka rataya. Duk ajin ƙamshin kifi yake, kuma tata aka fi tsayawa kallo.

Na karanta taki a gaban mutane ni ma. Baba Usuman ya yi ƙoƙari, sai dai ya ƙara miki tsawon ɗan yatsa ɗaya.

Yanzu wasiƙarki. Na karanta ta ya fi sau goma. Kin ce kin riƙe takardata ne don amsar ba taki ba ce ke kaɗai, akwai alkawari tsakaninki da Inna tun ina ƙarama, sai da kika je kika nemi ta sake ki daga alkawarin. Kin ce ke ba ki taɓa saya min kayan Sallah ba ko sau ɗaya, miƙowa kawai kike yi. Wai turewar nan awo ne. In ta dafa kafaɗata, taƙi take yi da yatsu daga wannan kafaɗa zuwa waccan. In ta juya ni ta tura bayana, tsawon riga take ɗauka. Muna fita sai ta ƙulla awon a jikin zare kafin ta manta, ranar kasuwa ta kai wa tela a Bagudo, a ɗinka a kawo miki a ɓoye. Kin ce shi ya sa kike kai ni Lafagu ana saura wata ɗaya Sallah, ni kuwa ina ta ƙunƙuni a hanya.

Na tashi na buɗe akwati na ɗauko rigar bara, na sa taƙina a kafaɗarta. Biyu ne da 'yan yatsu uku. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, ina kuka ina jin haushin kaina. Ina da son tambaya, kowa ya shaida, na tambayi abin da ya shafe ni da wanda bai shafe ni ba, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa mai son a ba ta hanya za ta tsaya tana juya mutum ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ƙarshen wasiƙar. Kin ce da kika gaya mata ina tambaya, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Sai da kika tashi tafiya ta ce, "An ce Lolo kihi ya yi yawa. Ban sani ba ko awon bara zai yi ma ɗiyar Hajjo."

Akwai wata takarda a cikin wannan, ta Inna ce. Na san ba ta karatun boko, kuma na san in aka ce daga gare ni take tashi za ta yi ta bar wurin. Ki bari sai tana aiki, ki zauna kusa, ki karanta da ƙarfi kamar kanki kike karanta wa. Kada ki kalle ta.

Allah ya ƙara miki lafiya. Hannunki yana nan na manna a bangon ɗakina.

Ɗiyarki,
Ni'ima.

Lolo,
25 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Inna, a Lafagu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba da ƙannena duka. Yaya aiki, yaya shirin damina? Ina fata ruwa ya sauka muku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi.

Ba wata magana ce ta sa na rubuto ba, kuma ba amsa nake nema ba. Mun yi wani ɗan taro ne a makaranta, yara suka zana hannuwan uwayensu, kowa ya faɗi abin da hannun yake yi masa. Na ga hannuwa iri-iri, na kuma koyi abin da ba a koya min a kwaleji ba. Ban aiko miki da takarda ki ɗora naki ba, ba kuma zan aiko ba. Na riga na san girmansa, yana nan a kafaɗar kowace riga da ke cikin akwatina.

Na daɗe ina riƙe da wani abu a raina game da ke wanda ba haka yake ba. Ki yafe min. Ba sai kin ce kin yafe ba, Gwaggo za ta gane daga yadda kika ci gaba da aikinki.

Maganar kifi kuma, gaskiya aka gaya miki. Mutanen Lolo ba su barin baƙo da yunwa, uwayen yara kullum sai sun aiko, ni kuma ba na mayarwa. Rigar bara ta fara kama ni a hammata. Zaren da ke wurinki ba zai yi ba.

Saura mako uku Sallah, na san lokaci ya ƙure wa tela. Don haka na roƙi hedimasta, ranar Juma'a mai zuwa in an tashi zan biyo Bunyaminu zuwa Bahindi, Asabar da safe mu iso Lafagu ni da Gwaggo. Zan zo in tsaya a ƙofar ɗakin girki, inda na saba tsayawa, in tare miki hanya. Ki ture ni yadda kika saba, Inna. Wannan karon ba zan yi saurin gusawa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ni ce,
Ɗiyar Hajjo.